Baƙuwa da 'Yar Gida

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Na yanke yatsa da safe wajen yanka albasa. Shekara goma sha huɗu ina aiki da asid da tanderu ban taɓa jin ciwo ba, sai ga wuƙar kicin ta yi mini aika-aika ana gobe babbar rana. Maigidana, Malam, ya yi mini ɗaurin nan nasa na malamin firamare, yatsa ya koma kamar kan taɓarya.

Gobe za mu buɗe Baƙuwa. Bari in rubuta yadda abin yake, don in Auta ta girma ta karanta, ta san uwarta ba wasa take zuwa yi ba. Baƙuwa rabin giram ce ta turɓayar duniyar wata, ta gaske, wadda aka ɗebo can aka kawo. Masu ajiyarta sun ba mu aro na mako uku, bayan Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya shekara biyu yana rubuta musu takarda. An yarda mu ci kashi ɗaya cikin goma a gwaji, sauran mu mayar, giram 0.450 cif. In kika ɗebi gishiri da yatsu uku, kin ɗebi abin da ya fi ta.

'Yar Gida kuwa tamu ce. Baƙaƙen duwatsu ne Farfesa ya shekara goma sha ɗaya yana niƙawa yana gaurayawa, ya ƙara wannan ya rage wancan, don ya samu garin da zai yi kama da na wata, masu ƙera injinan da za a tura can su riƙa gwaji da shi. Tana cikin shuɗin bokiti, kilo ashirin, a ƙarƙashin teburina. Na auna ta ya fi sau ɗari, na san sinadaranta kamar lambar wayata. Aikina yanzu in auna Baƙuwa, in jera su, in faɗi inda suka yi kama da inda suka saɓa. A ido dai ba mai raba su, dukansu toka-toka ne kamar siminti.

Ƙa'idar ɗakinmu ba ta da wuya. Ana aikin cikin akwatin gilashi da aka cika da busasshiyar iska, ana zura hannu ta dogayen safunan roba, biyu ta gaba, biyu ta baya. Tawada da takarda mai gam ba sa shiga ciki, saboda haka kwalabe ba su da suna. Tire ne mai gurbi biyu: ta gaske a dama, ta gwaji a hagu. Kullum haka, tun kafin a ɗauke ni aiki. Kafin a taɓa ta gaske sai an yi gwajin hannu da 'Yar Gida, kwalba iri ɗaya, nauyi ɗaya, a buɗe, a ɗiba, a juye sauran a kwanon shara, har rawar hannu ta tafi.

Na jera kwalaben biyu a tire ɗazu da hannu ɗaya ta safar gaba. Ɗiba kuwa sai da hannu biyu, don haka abokin aikina Dogo ne zai yi, ni in tsaya a kansa. Magidanci ne, shekararsa uku da mu, har yanzu ma'aikacin wucin gadi ne da ake sabunta wa takarda duk shekara, ga tagwaye an haifa masa watan jiya. Da na gaya masa sai ya dafe ƙirji.

"Yaya, ni? Wallahi yau ko abinci mai maiƙo ba zan ci ba, kada hannuna ya yi santsi."

Talata, 4, ƙarfe 5:50 na yamma

An yi, an gama. Alhamdu lillahi.

'Yar matsala ɗaya aka samu. Da muka duba safunan gaba, ta dama ta fara tsagewa wajen babban yatsa. Na ce wa Dogo ya zagaya ta baya, ya zagaya. Farfesa na tsaye yana ta ɗaukar hoto da waya, numfashinsa a wuyana.

Hannun Dogo ko gezau. Wajen gwajin hannu ne kawai ya ce, "Yaya, yau 'Yar Gida tana maƙale wa cokali, kamar ba ta son sauka."

Na ce, "Hannunka ne ke gumi, yi ka gama."

Ya juye sauran a kwano. Ya buɗe ta biyu, ya ɗebi abin da aka yarda, ya rufe, muka mayar da ita gwangwaninta na ƙarfe, Farfesa ya kulle a sef da hannunsa. Daga nan ya kwashi kowa cin abinci. Ni na tsaya na gyara wuri yadda na saba. Ba na son ɓarna.

Auta ta tare ni a ƙofa, wai wane irin ƙamshi wata ke yi. Na ce ta gilashi na gan shi. Ta ce to in shinshino mata gobe.

Alhamis, 6, ƙarfe 4:05 na yamma

Ranar juya bokiti. Duk Alhamis muna ɗora shi kan injin juyi minti arba'in, don kada manyan ƙwayoyi su ware da ƙanana. Ni na ɗora da safe, ni na kunna.

Da rana sakamako ya fito daga na'ura. Silika, alminiyam, ƙarfe, kalsiyam, magnesiyam, taitaniyam, har guda goma. Na jera na Baƙuwa kusa da na 'Yar Gida, na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama. Na ɗauka fayil ɗaya na buɗe sau biyu. Na rufe, na sake buɗewa. Biyu ne.

Farfesa da bakinsa ya ce in muka samu kama tamanin cikin ɗari ya gode Allah. Yau ga casa'in da tara da ɗoriya. Ya cire tabarau, ya zauna daɓas a kujerar Dogo bai ko duba ƙura ba, mutumin da ke shimfiɗa hankici kafin ya zauna a motarsa.

"Malama," ya ce, "shekara goma sha ɗaya. Cewa suke yi tsakuwa nake niƙa."

Na ce, "Allah ya sanya alheri, ranka ya daɗe."

Dogo bakinsa har kunne, yana ta nuna wa masu shara hannunsa na dama, wai kowa ya zo ya gaisa da hannun da ya taɓa wata.

Ban taɓa ganin lambobi sun zo kusa haka ba, sai in abu ɗaya na auna sau biyu. Na so in soke wannan layin. Na bar shi.

Juma'a, 7, ƙarfe 6:45 na safe

Kowa na murna. Ni lambobin jiya nake ta juyawa a kaina tun asuba.

Litinin, 10, ƙarfe 1:30 na rana

A duniyar wata ba a ruwan sama, ba iskar shaƙa. Turɓayar can ba ta san danshi irin namu ba, ƙarfen cikinta ba ya tsatsa, ƙwayoyinta masu kaifi ne, gauraye da ɓarɓashin gilashi da zafin duwatsu masu faɗowa ya narkar. Wannan ne abin da dutsen duniya ba ya iya kwaikwaya, Farfesa ma haka yake koyarwa a aji.

Na sa ɗan abin da ya rage a hannuna na Baƙuwa a tanderu, na sake aunawa. Ta rage nauyi, kashi ɗaya cikin ɗari. Ruwa ne ya fita. Na gwada ƙarfen, akwai tsatsa. Na sa ta ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, na bi ƙwaya ɗaya-ɗaya har idona ya yi ruwa, ban ga gilashi ko ɗaya ba. Ƙwayoyin kuma na san su. Fasawar injin niƙanmu ce, mai ɓangare ɗaya a kwance.

Na kai wa Farfesa ofis. Bai karɓi takardar ba, a hannuna ya karanta.

"Danshi ta sha a hanya."

"A cikin gwangwanin ƙarfe mai hatimi uku, ranka ya daɗe?"

"To, a akwatinki ta sha. Ba ke kika ce safa ta tsage ba?"

"Danshin yini ɗaya ba ya sa tsatsa a cikin ƙwaya."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Shi ya koyar da ni, shi ya ɗauke ni aiki, shi ya tsaya mini lokacin da na haifi Auta aka so a ba wani gurbina. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, kuma ya ba ni tsoro.

"Rahoton na sinadarai goma ne, Malama. Waɗannan layuka biyu ba wanda ya tambaye ki. Cire su."

Na cire.

Laraba, 12, ƙarfe 11:15 na safe

Sababbin safuna sun zo, yatsana ma ya warke. Na canza na gaba, na ce bari in zagaya in gwada na baya. Tiren na ciki yadda muka bar shi ranar Talata. Na sa kwalabe biyu marasa komai, na zura hannu.

Hannuna na dama ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba shekara goma sha huɗu, ya kama ta dama. Sai na ɗaga kai, ta cikin gilashi na hango kujerata a wancan gefen. Gurbin da na kama, daga kujerata shi ne na hagu. Nan na sa 'Yar Gida ranar Litinin.

Tire ba ya juya kansa. In an koma ta baya, juya shi ake yi, kuma wanda ya jera shi ne ke juyawa.

Dogo ya bi ƙa'ida daidai. Ya ɗauki ta hagunsa ya yi gwajin hannu, ya juye ta a kwanon shara. Ita ce mai maƙale wa cokali. Ya ɗauki ta damansa, muka auna, muka kulle a sef kamar zinariya. Dutsenmu ne.

Ban san tsawon lokacin da na yi tsaye hannuwana cikin roba ba, sai da Dogo ya shigo.

"Yaya, lafiya? Kin yi kamar wadda aka kama da hannu a tukunya."

Na yi dariya. Ni kaina na ji ba daɗi a kunne.

Laraba, ƙarfe 2:40 na rana

Ƙa'ida ta ce a juye kwanon shara a leda, a liƙe, a rubuta kwanan wata, a ajiye a durowa wata shida. Na buɗe durowar. Na san babu ledar ranar Talata, amma na buɗe. Sau uku na buɗe.

Na wanke hannu.

Alhamis, 13, ƙarfe 9:30 na safe

Ina shigowa na tarar Dogo ya sungumi bokiti zai kai kan inji. Ban san sanda na daka masa tsawa ba.

"Ajiye shi!"

"Yaya, ai Alhamis ce."

"Na ce ajiye!"

Ya ajiye, ya ja da baya, yana kallona kamar bai san ni ba. Na ce injin ne ke ƙara, sai an duba shi. Ya ce to. Bai taɓa jin na ɗaga murya ba, har na ji kunya. Kuma me na hana? An riga an juya wancan makon, minti arba'in cur.

Na mayar da bokitin ƙarƙashin tebur, ƙafafuna na jikinsa.

Asabar, 15, ƙarfe 5:00 na yamma

Inna, mahaifiyata, ta zo mana kwana biyu. Da safe Auta ta ture gwangwanin sukari ya zube a tebur. Kafin in ɗauko tsumma, Inna ta tara shi da gefen hannu tana mayarwa cikin gwangwani.

"Inna, ki bar shi, ai ya zube."

"Tebur mai tsabta, me ya same shi? Ku dai 'yan boko ɓarna kuka iya."

Na tsaya ina kallon hannun nan nata, yadda take bin kusurwa don kada ƙwaya ɗaya ta tsira, sai na ga nawa. Na shige banɗaki na kunna famfo.

Bari in rubuta, tun da ba mai karantawa yanzu. Tun da aka fara 'Yar Gida ban taɓa ɗaure ta a leda ba. Gari mai tsabta, bai taɓa komai ba sai kwano mai tsabta, me zai sa a zubar? Bokiti nake mayarwa, in ƙwanƙwasa kwanon, in bi shi da buroshi. Ranar Talata ma haka na yi. Da na bi ƙa'ida, da yanzu Baƙuwa na nan a durowa cikin ledarta, in ɗauko, in ba da haƙuri, a yi mini faɗa, shi ke nan.

Auta ta gaya wa ajinsu kaf cewa uwarta ce ke riƙe da wata. Malamarsu ta aiko, wai in zo in yi wa yara bayani. Na ce sai na samu sarari.

Litinin, 17, ƙarfe 9:10 na safe

Tun bakwai na zo, kafin kowa. Na ɗauko mayen ƙarfe, don turɓayar wata tana binsa. Na manta 'Yar Gida ma akwai ƙarfe a cikinta, ita ma ta biyo, baƙi ƙirin. Na koma cokali-cokali ƙarƙashin madubi.

Bayan awa biyu na samu ƙwaya ɗaya. Baƙar gilashi, duk huji, bakinta kamar fasasshiyar kwalba. Ban taɓa ganin irinta ba sai a littafi. Kyakkyawa ce, wallahi. Na so a ce ban same ta ba, don kafin nan ina iya ce wa kaina wataƙila na yi kuskuren tunani.

Rabin giram cikin kilo ashirin. Ɗaya cikin dubu arba'in. A haka sai Auta ta gama jami'a ban kai rabin bokiti ba, ga shi ranar Juma'a masu ajiya za su aiko a karɓi kayansu.

Na sa ƙwayar a 'yar kwalba, tana aljihun farar rigata. Na wanke hannu.

Talata, 18, ƙarfe 3:20 na yamma

Akwai takardar da ke bin kwalba duk inda ta je, mai ɗauke da sunan duk wanda ya taɓa ta. Tamu layi uku ce. Jerawa, sunana. Ɗiba, sunan Dogo. Gyaran wuri, sunana.

Yau Farfesa ya sauko da kansa da sabuwa, wai tsohuwar shayi ya zube mata. Layi ukun duk sunan Dogo ne.

"Ke ai yatsanki a ɗaure yake, kowa ya gani, har a hoto," ya ce. "Bari bawan Allahn nan ya samu suna."

Sai ya dubi ƙarƙashin teburina, ya dubi bokitin, ya dubi ƙafafuna.

"Ranar Litinin masu gwajin shuka za su zo su ɗauki wannan. Za su zuba masa ruwa su shuka alkama, a ga ko za ta fito. Ya daɗe yana tare miki wuri."

Bai tambaye ni komai ba. Tun ranar tanderu bai tambaye ni komai ba. Shekara talatin yana wannan aiki, ya san wata ba ya tsatsa. Ya sani, kuma ya san na san ya sani.

Dogo ya sa hannu sau uku, da wani lanƙwasa kamar minista, ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa.

"Yaya, na san ke kika sa baki. An ce da wannan za a tabbatar da ni. Allah ya saka, Allah ya raya Auta."

Ban iya cewa amin ba.

Na san yadda za ta kaya. Mai karɓa nauyi kawai za ta auna, kuma zai zo daidai. Bayan wata shida ko shekara su ara wa wani ɗakin gwaji kwalbar, can wata irina ta sa ta a tanderu, ta ga ruwa ya fita. Sai a ɗauko takarda a duba suna. Bokiti kuwa ya daɗe da zama taɓo.

Laraba, 19, ƙarfe 6:30 na safe

Ba ni na ɗiba ba. Ba ni na canza takarda ba.

Laraba, ƙarfe 1:00 na rana

Na wanke hannu har yankan ya sake buɗewa.

Alhamis, 20, ƙarfe 7:15 na yamma

Na gaya wa Malam. Yana duba littattafan 'yan aji huɗu, na tsaya a bayansa na faɗa duka, don ba zan iya ina kallon fuskarsa ba. Bai juyo ba har na gama. Ya rufe jan bironsa.

"In kin faɗa, me za su yi miki?"

"Za su karɓi makulli. Ba wanda zai ƙara ba ni ko tsakuwar titi in auna."

"In kin yi shiru fa?"

"Babu abin da zai same ni."

"Dogo fa?"

Na hau tattara littattafan da ya gama dubawa, sai ya juyo.

"Maman Auta, ni ban san komai game da wata ba, sai dai in gan shi a sama. Abin da na sani, mako biyu ke nan in yarinyar nan ta fara maganarsa sai ki tashi ki hau wanke kwanon da kika riga kika wanke."

Na ce to me zan yi. Ya ce ba zai gaya mini ba, aikina ne, na fi shi sani. Haushi ya kama ni, na ce dama maza haka kuke, a zo muku da wuta ku ba mutum jawabi. Ya buɗe wani littafin, ya daɗe yana kallon shafi ɗaya.

"Bokitin nan, nawa ne nauyinsa?"

"Kilo ashirin."

"Ki durƙusa kafin ki ɗaga. Kin san bayanki."

Juma'a, 21, ƙarfe 6:50 na safe

Auta ta ce in gaishe mata da Baƙuwa kafin ta tafi. Tsoro nake ji.

Juma'a, ƙarfe 4:45 na yamma

Wadda masu ajiya suka aiko dattijuwa ce siririya, ba ta da yawan magana, da sikelinta cikin jaka mai soso. A ɗakin taro na sama aka yi. Farfesa ya sa kwat, Dogo ya sa takalmin aurensa. Ta ɗora kwalbar, ta cire nauyin gilashi, lamba ta tsaya: 0.450.

"Madalla," ta ce. "Ba kowa ke dawo mana da ita cif haka ba."

Ta zare biro. Na ce ina zuwa. Ba wanda ya ko dube ni.

Matakala ashirin da biyu ce daga ɗakinmu zuwa sama, ban taɓa ƙirgawa ba sai yau. Na durƙusa kafin in ɗaga. Da na turo ƙofa da kafaɗa ta riga ta rubuta kwanan wata, saura sa hannu. Na dire bokitin a kan tebur, kofunan shayi suka yi tsalle.

"Baba, ki dakata. Na cikin kwalbar nan dutsenmu ne. Taku tana cikin nan."

Farfesa ya miƙe. "Ki yi haƙuri, Malama ba ta da lafiya kwanan nan, aiki ya yi mata..."

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe."

Na faɗa duka, da tsari, kamar ina karanta rahoto. Ni na jera tire ta gaba. Ni na ce a zagaya ta baya, ban juya shi ba. Dogo ya ce tana maƙalewa, na ce gumi ne. Ni na juye kwano a bokiti maimakon leda. Na ajiye mata layuka biyun da na cire, na ruwa da na tsatsa. Na ce takardar da ke gabanta ba ita ce ta asali ba. Ban ce wanda ya canza ta ba, ba ta kuma tambaya ba, ta dai dubi Farfesa sau ɗaya, ya koma ya zauna.

Dogo ya sunkuyar da kai. Hannunsa na dama yake kallo, ya juya shi, ya sake juyawa.

Dattijuwar ta ɗora tafinta a murfin bokitin.

"An juya shi?"

"Minti arba'in."

Ta rufe ido. Gara a ce zagina ta yi.

Na ciro 'yar kwalbar daga aljihu na miƙa mata. Muka sauka ƙasa, ta sa ƙwayar a madubi, ta daɗe sunkuye.

"Wannan tamu ce," ta ce a hankali.

Ta naɗe bokitin da jan tef, ta buga hatimi, za a tafi da shi gaba ɗaya, ko za a iya tsamo wani abu. Ta ciro farar takarda ta rubuta layi uku da hannunta. Na sa hannu a na farko da na uku. A gaban sunan Dogo ta ƙara da cewa ya bi ƙa'ida.

A bakin matakala Farfesa ya miƙo hannu, bai dube ni ba. Na zare makullin daga cikin na gida na sa masa. Zoben ya yi tauri, sai da na karya farce.

Litinin, 24, ƙarfe 7:40 na safe

An kafa kwamiti, an ce in zauna a gida har sai an neme ni. Na san abin da hakan ke nufi. An janye rahoton. Farfesa bai kira ba, ni ma ban kira ba, kuma yana yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Jiya da rana Dogo ya zo da lemo a leda. Ya zauna a bakin kujera ya kasa sha ko ruwa.

"Yaya, da na dage a kan maƙalewar nan..."

"Ka faɗa, Dogo. Ni ce ban ji ba."

"Na riga na tura wa kowa hoton," ya ce, sai ya rufe fuska da hula.

Ɗazu Auta na ɗaura takalmi ta ce, "Mama, kin mayar musu da watansu?"

Na ce na mayar.

"Duka?"

Na ce duka, har da gyaran kilo ashirin. Malam ya ƙware da shayi don dariya. Ni ma na yi, ta gaske ta farko cikin mako uku, sai ta juye mini kuka, Auta na tsaye da jakar makaranta tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Sun fita. Na tashi na sa takalmi, na ɗauki jaka, har na kai ƙofa kafin in tuna.

Takwas saura kwata. War haka nake buɗe ɗakin gwaji. Yau Dogo ne zai buɗe.